Sana'ar Cajin Batir, Daga Land Rover ta En'e Zuwa Jif ɗin Yau

Wanda duk ya ci karo da tsohuwar Land Rover, irin wadda En'e da malaman gona da malaman dabbobi suka ratsa ƙasar nan da ita tun kafin a sami mulkin kai, ya sunkuya ya dubi ƙarfen gabanta. Akwai wata 'yar ƙofa a jikinsa. Ta nan ake zura wani lanƙwasasshen ƙarfe har ya kama bakin inji, mutum ya gyara tsayuwa ya murza da ƙarfin damtse, mota ta tashi. A 1948 kamfanin Rover na Ingila ya fito da motar, wato shekara 36 bayan Cadillac ta Amurka ta fara sayar da mota mai tashi da lantarki, da na'urar da Charles Kettering ya haɗa mata a 1912. Ke nan ba rashin sanin kik ne ya sa suka bar wannan ƙofa ba. Sun san inda motar za ta: gona, da jeji, da ƙauyen da babu mai ara maka wuta. Ko batir ya yi sanyi, muddin da ɗan sauran da zai kai wa filogi tartsatsi, hannu zai ƙarasa aikin.

Jikokin wannan mota su ne manyan jif-jif ɗin da ke cika farfajiyar masu hannu da shuni a Kano da Kaduna da Abuja. Range Rover ta farko da aka fito da ita a 1970 kujerun roba gare ta, da shimfiɗar ƙasa wadda za a iya wankewa da tiyo bayan an dawo daga gona. Ta yau kuwa, da takwarorinta irin su Lexus LX da Land Cruiser, in batir ya mutu ko ƙofa ba ta buɗuwa sai an zaro ɗan siririn makullin da aka ɓoye cikin rimot. A tsakanin waɗannan motoci biyu sana'ar gidanmu ta tashi, ta yi ƙarfi, yanzu kuma take neman inda za ta sa kanta. Mahaifina mai cajin batir ne a Kano, da ita ya ciyar da mu ya sa mu makaranta, kuma ƙanena ne ke riƙe da rumfar a yau.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a tarihin batir shi ne yadda cikinsa ya ƙi sauyawa. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya fara naɗe fallayen dalma biyu ya tsoma cikin asid a 1859, ya gano cewa in wutar ta ƙare ana iya mayar da ita. A 1881 Camille Faure, shi ma Bafaranshe, ya ƙara dabarar shafa wa fallayen kwaɓaɓɓen garin dalma, abin da ya sa batir ya riƙa ɗaukar wuta mai yawa kuma ya yi sauƙin ƙerawa. Daga nan fa sai gyare-gyare. Motoci sun bar bolt 6 sun koma bolt 12 a shekarun 1950, ko da yake Volkswagen ba ta sauya wa ƙaramar motarta ba sai 1967. Amma ka buɗe batirin jif ɗin da aka saya da ɗaruruwan miliyoyi a bana, ɗakuna shida za ka tarar, kowanne da dalma da asid, kowanne yana ba da bolt 2 da 'yan kai. Abin da Baba ya sani game da waɗannan ɗakuna shida har gobe gaskiya ne.

Rumfarsa ta kwano ce, gabanta a buɗe saboda iska, da dogon bencin katako wanda asid ya cinye wa baki. A kan bencin batura ke jere, kowanne da sunan mai shi an rubuta da fenti a gefe, an kwance murafun nan shida an ɗora a kai. Daga injin caji, wanda ke gurnani dare da rana in akwai wuta, wayoyi suke fitowa su bi batura ɗaya bayan ɗaya. In ka kasa kunne za ka ji ruwan cikinsu yana 'yar tafasa. Wannan iskar da ke fita mai kamawa da wuta ce, shi ya sa Baba bai taɓa yarda a ƙyasta ashana a rumfar ba, ko da kuwa babban direba ne ya zo da tabarsa a baki. Rigunanmu na aiki duk huda ce, domin ɗigon asid ba ya nuna kansa sai an yi wanki.

Babban kayan aikinsa wani bututun gilashi ne mai roba a kai, da ɗan kwalba mai lambobi yana yawo a ciki. Zai matsa robar, ya zura bakin bututun cikin ɗaki, ya saki, ruwan ya hau, ya ɗaga zuwa saitin idonsa ya karanta inda ɗan kwalbar ya tsaya. Cikakken batir yakan nuna wajen 1.260 zuwa 1.280, wanda ya zube kuma ya sauka ƙasa da 1.150. Dalilin shi ne, duk lokacin da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana barin ruwan ya shige jikin fallayen dalma, ruwan ya yi ta tsinkewa. Caji shi ke koro asid ɗin ya dawo cikin ruwa. Baba bai yi boko ba, amma haka ya bayyana mana, kuma da na je sakandare abin da malamin kimiyya ya rubuta a allo ke nan, sai dai shi da alamomi. Ɗaki shida zai bi ɗaya-ɗaya. In biyar sun yi daidai ɗaya ya faɗi, sai ya ajiye gilashin ya dubi mai batirin ya ce, "Direba, ɗaki ɗaya ya mutu. Caji ba zai tashe shi ba, sai an buɗe."

Kuma a lokacin ana buɗewa. Akwatin tsofaffin batura na baƙar roba ce mai tauri, an liƙe samansa da kwalta, sandunan dalmar da ke haɗa ɗaki da ɗaki suna waje kana ganinsu. Sai a huda sandunan a cire, a narkar da kwaltar da ƙarfe mai zafi, a zaro fallayen mataccen ɗakin a sa masu rai daga wani batirin da akwatinsa ya fashe, a mayar da kwalta, a narka dalma a sake haɗa sandunan. Kan batir in ya cinye, akwai ɗan mazubin ƙarfe da ake kifawa a zuba narkakkiyar dalma, sabon kai ya fito. Sabon batir ma a bushe yake zuwa daga kanti, mai caji ne zai haɗa asid ya zuba masa, kuma dokar farko da ake koya wa yaron shago ita ce asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali, ba a taɓa zuba ruwa cikin asid. Bayan wannan zubin na farko kuwa, in ruwa ya ragu tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, domin ruwan ne zafi ke ƙonewa, asid ɗin yana nan.

Inda ya fi samun saɓani da direbobi shi ne gaggawa. Ƙa'idarsa ita ce a ba batir wuta kashi ɗaya cikin goma na girmansa: mai amfiya 70 a ba shi 7, ya kwana ya yini. Direban babbar mota zai zo da baturansa biyu, tunda manyan motoci bolt 24 suke amfani da shi, ya tsaya a kansa yana cewa, "Malam, a ɗan ƙara masa wuta mana, lodi na jira a tasha." Baba ya ce, "In na ƙara masa yau, wata mai zuwa sabo za ka saya." Wuta mai yawa tana zafafa batir, ta lanƙwasa fallayen, ta kakkaɓe garin jikinsu ya taru a ƙasa. Wasu rumfunan sukan biya wa direba bukatarsa su karɓi kuɗinsu. Shi bai yi ba, kuma na ga direbobin da suka tafi cikin fushi suka dawo bayan shekara da yaransu na mota suna cewa nan za ku riƙa kawowa.

Rabin cinikinmu ma ba na masu mota ba ne. Ranar kasuwa mutanen ƙauye ke shigowa da batura ɗaure a bayan keke, an naɗe da tsumma. Da su ake kunna rediyo mai kaset, da talabijin mara kala wadda unguwa guda ke taruwa a gabanta, da lasifikar masallaci. Gab da azumi benci ba ya ɗaukar batura, har ƙasa ake jerawa, domin kowane gari yana son a ji tafsiri. Wannan ɓangare na sana'ar ya yi ta raguwa da ƙananan janareta suka yi arha, sannan bayan shigowar wayar salula a 2001 matasa suka buɗe tasu sana'ar ta cajin waya, daga baya kuma sola ta zo ta ƙarasa.

A ɓangaren mota, sauyi biyu ne suka rage wa mai caji aiki. Na farko altaneta. Tsofaffin motoci dainamo gare su, wanda ba ya ba da wutar kirki sai inji na gudu, saboda haka motar da ke yawan tsayawa a cikin gari dole batirinta ya riƙa ziyartar rumfa. Chrysler ta fara sa altaneta a motar kasuwa a 1960, sauran kamfanoni suka bi, kuma altaneta tana caji ko inji na aiki a tsaye. Sai dai ta zo da sharaɗinta. Motocin Ingila na da, har da Land Rover kafin 1967, kai mai alamar tarawa suke haɗawa da jikin mota, saɓanin yadda ake yi yanzu. A motar dainamo in ka juya batir akwai gyara. A motar altaneta kuwa, juyi ɗaya ya isa ya ƙona ta. Tun daga nan kuskuren mai caji ya fara tsada.

Na biyu shi ne rufe akwatin. Farar roba mara nauyi ta maye gurbin baƙar, aka shigar da sandunan ciki, aka manne murfin da zafi. A farkon shekarun 1970 kuma aka fara fito da baturan da ba a ƙara musu ruwa. Muna da masana'antunmu a lokacin: Peugeot na haɗa motoci a Kaduna tun 1975, ana yin batirin Exide a Ibadan, daga baya Ibeto ya kafa tasa a Nnewi. Bayan faɗuwar naira daga 1986 sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika titi, batura kuma suka koma zuwa daga Koriya da sauran ƙasashen Asiya, a rufe ruf, da ɗan ido guda mai nuna kore ko baƙi. Gilashin Baba ya koma rataye a ƙusa, tunda babu ƙofar da za a zura shi.

To, a nan ne mutane da yawa suka ɗauka sana'ar ta ƙare, a sayi batir, in ya mutu a jefar a sayi wani. Ni kuma abin da nake gani a rumfar ƙanena ya nuna mini akasin haka, kuma manyan jif-jif ɗin nan ne suka dawo da ita.

Tsohuwar mota in ka zare makulli ta mutu ke nan, ba abin da ke jan wuta. Jif ɗin zamani ba ta mutuwa, barci take yi. A cikinta akwai ƙananan kwamfutoci masu yawa: na inji, na giya, na burki, na kujeru, na ƙararrawar ɓarayi, na jakunkunan iskar da ke ɗaga ta su sauke ta, da na'urar da ke sauraron rimot ko mai motar ya matso. Bayan an kulle ta sukan ɗauki mintoci kafin su kwanta, kuma ko sun kwanta suna tsotsar kaɗan. Masu gyara suna ɗaukar abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya ɗaya ba a matsayin lafiya. Mu yi lissafi da wannan: a yini guda amfiya 1.2 ke nan, a kwana 30 ya zama 36. Batirin irin wannan mota bai cika wuce amfiya 90 zuwa 100 ba. Ashe motar da ba abin da ke damunta, in an ajiye ta wata ɗaya, ta cinye fiye da sulusin wutarta ba tare da ta motsa ba. In kuma an rataye rimot a ɗakin maigadi, taku kaɗan daga inda take, ko yara suna buɗe ƙofa suna rufewa, wasu motocin farkawa suke yi kowane lokaci, cin ya ninka.

Yanzu a haɗa wannan da yadda muke riƙon irin waɗannan motoci. Ba su ne na zuwa kasuwa ba. Na ɗaurin aure ne, da tafiyar Abuja, da tarbar baƙi a filin jirgi. Alhaji zai tafi Umara ko ya yi wata biyu a waje, mota na ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta. Direba mai kula zai tashe ta da safe ta yi minti goma a tsaye ya kashe, yana ganin ya yi mata gata, alhali wannan ɗan lokacin ba ya mayar da abin da makonni suka ci. Ga kuma wani abin da direbobi da yawa ba su sani ba: a motocin da ke kashe inji da kansu in an tsaya a danja, kwamfuta ce ke ba altaneta umarni, kuma da gangan take barin batir bai cika maƙil ba, domin a sami wurin zuba wutar da ake samu in an ɗaga ƙafa daga totur. Dabara ce ta rage shan mai, an yi ta ne don motar da ke fita kullum.

Batirin dalma kuwa ba abin da ya tsana kamar zama da yunwa. Asid ɗin da ya shige jikin fallaye, in an yi caji da wuri, fita yake yi salin-alin. In aka bar shi makonni sai ya daskare ya yi tauri kamar ƙanzon da ya kwana a gindin tukunya, caji ya kasa ɓamɓare shi, wurin ajiyar wuta ya ragu har abada. Zafinmu kuma yana ƙara abin, domin a watan Afrilu batir yana zubar da wutarsa da kansa fiye da lokacin hunturu, kuma ƙarfen cikinsa yana saurin cinyewa. Littattafan da ke zuwa da motocin sun fi yin kashedi a kan sanyi da ƙanƙara. Namu baturan zafi da zama ke kashe su.

Na taɓa raka ƙanena wani gida da aka kira shi. Jif ce baƙa, sabuwa, ko ledar kujerun baya ba a cire ba, ta ƙi ko ƙyafta fitila. Kafin mu iso direban ya riga ya tara samari huɗu za su tura. Ƙanena ya ce, "Yaya, ku bar ta, mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, kuma giyar ma ba za ta fita daga fakin ba sai da wuta." Ya karɓi rimot, ya zaro siririn makullin, ya ɓalle ɗan murfin da ke jikin hannun ƙofa, ya buɗe. Direban ya ɗaga bonet yana neman batir, babu. Yana can baya ƙarƙashin shimfiɗar but, but ɗin kuma da lantarki yake buɗuwa. Ƙanena ya nuna masa wani jan murfi a gefen inji, wanda aka tanada don irin wannan rana, ya maƙala jar waya a nan, baƙar kuma a jikin ƙarfen mota. Mitarsa ta nuna bolt 10 da ɗigo. Cikakken batir da ya huta 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa, in ya sauka 12.2 rabi ya tafi.

Maigidan ya fito yana duba agogo, ya ce a kawo wani batir a tashe ta kawai. Ƙanena ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, tashinta ba wuya. Amma in an tashe ta aka bar altaneta da wannan aikin, jibi ma sai an kira ni. A ba ni wuta da kwana ɗaya." Na ji maganar Baba ce ta fito daga bakinsa, kusan kalma da kalma. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a fito masa da ƙaramar motar.

Abin da ya sa ya maƙala baƙar wayar a jikin mota, bai kai ta kan batir ba, shi ne sabon ilimin da Baba bai riska ba. A irin waɗannan motoci akwai 'yar na'ura a manne da baƙin kan batir, tana ƙirga duk wutar da ta shiga da wadda ta fita, tana kai wa kwamfuta rahoto. In ka maƙala caja kai tsaye a kan batir ka tsallake ta, batir zai cika amma mota ba ta sani ba, ta ci gaba da kashe wasu abubuwa tana nuna gargaɗi. Haka in an sa sabon batir, da yawansu sai an haɗa su da kwamfutar gwaji an shaida musu, in ba haka ba su riƙa yi wa sabon irin cajin da suke yi wa tsohon. Batirin kansa ma galibi irin wanda ake kira AGM ne, wanda asid ɗinsa ke jiƙe cikin wani auduga na gilashi tsakanin fallaye, ba ya zuba ko mota ta karkata a kan dutse, ba ya kuma fitar da iska sosai, abin da ya sa ake iya ajiye shi a but ko ƙarƙashin kujera. Amma in wuta ta wuce wajen bolt 14.8 ya fitar da ruwansa, babu murfin da za a buɗe a mayar. Tsohon injin cajin Baba, mai gurnani, zai iya hallaka shi a dare ɗaya. Dole ƙanena ya sayi ƙaramar caja mai kwamfuta, wadda ke rage wuta da kanta in batir ya kusa cika, sannan ta riƙe shi a wajen bolt 13.6. Irinta ya shawarci Alhaji ya saya a bar wa motar duk lokacin da za ta yi dogon zama, a kuma ajiye rimot can cikin gida.

Akwai al'adun gareji da na taso ina gani waɗanda nake roƙon 'yan'uwana masu sana'a su bari, domin motar da ta haƙura da su ta wuce. A tashi mota da batirin aro, inji na aiki a cire shi a mayar da nata. A zare kan batir inji na gudu don a ga ko altaneta na caji. A goga waya tsakanin kawunan biyu a duba ƙarfin tartsatsi. A buga kan batir da dutse, ko a cusa ƙusa don ya kama. A kan Peugeot 504 an yi duk wannan an kwana lafiya. A jif ɗin yau batir shi ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta, kuma daƙiƙar da aka cire shi inji na aiki, wutar na iya yin tsalle ta ƙona kwamfutar da kuɗinta ya fi na batir goma. In hakan ta faru ba a cewa al'ada ce ta yi, cewa ake mai cajin batir ya lalata motar Alhaji, kuma daga ranar an rufe wa duk masu rumfa ƙofar gidan. Ina jin zafin wannan, domin mutanen da suka fi kowa sanin halin dalma da asid su ne ake korewa saboda abin da za a iya koya musu a mako guda. Ƙungiyoyin masu sana'ar da makarantun koyon sana'a na jihohinmu za su iya haɗa wannan horo, kuma mita da caja da ƙaramar kwamfutar gwaji ba su fi ƙarfin rumfa uku in sun haɗa kuɗi ba.

Wasu sababbin ma sun zo da batir na biyu. Range Rover ta fito da mai haɗa fetur da lantarki wadda ake caji a soket a 2018, sannan mai ƙarin batirin bolt 48 a 2019. Waɗannan na litiyom ne, irin na waya, kuma na masu soket ɗin wutarsa ta kai ɗaruruwan bolt, tana kisa. Wayoyinsa masu ruwan lemo ne, kuma wanda bai sami horo ba kada ya kusance su. Duk da haka a gefe akwai ɗan batirin dalma mai bolt 12, shi ke tada kwamfutocin, in ya mutu motar ba ta motsi ko babban yana cike.

Saura maganar da masu sana'armu ba sa son a tayar, wato inda mataccen batir ke zuwa. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita a batura take ƙarewa. Shi ya sa ba a ganin mataccen batir a bola, 'yan gwangwan na biyan kuɗi mai kyau a kansa. Sai dai kafin a ɗora a sikeli, sau da yawa a kwata ake tuntsurar da asid ɗin, wasu kuma su fasa akwatin da gatari su narka dalmar a bayan gida. Mu ma a rumfar Baba da hannu muke kama fallaye, mu narka dalma a buɗaɗɗen kasko, mu ɗauraye hannu sama-sama mu ci abinci, domin a lokacin ba wanda ya gaya wa kowa illarta. Yanzu an sani. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ƙasar unguwar ta cika da garin dalmar tsofaffin batura, iyaye mata suna tankaɗe ta don su sayar. Mu nan mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma yaron da bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar rayuwarsa.

Ga shi kuma baturan sola da na inbata, waɗanda ɗaya ya ninka na jif nauyi, suna ta shiga gidaje, kuma kowannensu 'yan shekaru zai yi ya mutu. Ƙanena ya daina narka dalma a rumfa. Matattun batura yana tara su a tsaye a kan katako, da ruwansu a ciki, ba ya sayarwa sai ga dilan da ke ɗauka a haka, ko da farashin ya ɗan gaza na masu gatari. Yaran shagonsa ba sa cin abinci sai sun wanke hannu da sabulu, kuma kayan aiki a rumfa suke kwana, ba a kai su gida inda ƙananan yara suke.